Wace unguwa ce a Legas za ta dace da mutumin da ba ya iya zaman ɗaki?

Ɗan_Lamingo:

Assalamu alaikum jama'a, dan Allah ina neman shawarar waɗanda suka san Legas ciki da bai. Wurin aikinmu sun mayar da ni ofishinmu na Marina, wata mai zuwa zan fara in sha Allah, kuma har yanzu ban tsayar da unguwar da zan kama haya ba. Ni a Jos aka haife ni nan na girma, duk wanda ya sanni ya san ba na iya zaman ɗaki, kullum ina idar da sallar asuba zan sa takalmi in yi gudu ta wajen Lamingo, ranar Asabar kuma ko mu hau duwatsun Shere da abokai ko in ɗau kekena in miƙi hanyar Riyom, tun ina saurayi haka nake har yanzu da nake da mata da yara biyu. In na yi kwana uku ban fita na sha iska ba duk jikina sai ya mutu, barcin kirki ma ba na samu.

To satin da ya wuce na zo na yi kwana huɗu dan in ga ofis, na sauka wurin wani ɗan'uwanmu a Mushin, wlh hankalina ya tashi. Na fito da asuba zan ɗan taɓa gudu na tarar motocin haya na danfo sun riga sun cika titi, gefen hanya kwata ce a buɗe, inda babu kwata masu kaya sun kafa tebur, ga hayaƙi ga wani irin gumi da yake manne wa mutum a jiki, ko minti goma ban yi ba na koma ciki. Wani abokin aikina ya ce kawai in tafi Lekki ko Ajah tunda can ne bakin teku yake, wani kuma ya ce in na yi haka zan yi nadama. Kuɗin hayar da nake da shi bai kai na Ikoyi ko Victoria Island ba, wannan ma a ajiye shi gefe. Abin da nake so shi ne inda zan iya gudu da safe ba fargabar mota, in samu inda zan hau keke, yara ma su ga bishiya da fili, sannan a ce da masallaci da 'yan'uwa kusa saboda maiɗakina ba ta jin Yarbanci ko kaɗan. Wanda ya sani ya taimaka, Allah ya saka.

Baba_Oko_Oba:

Wa alaikumus salam ɗana, sannu da zuwa Ikko. Ni na haura shekara talatin a Agege ina harkar shanu, zan gaya maka gaskiya ko da ba za ta yi maka daɗi ba. Dutse dai ka manta da shi, garin nan a kwance yake a bakin ruwa, ɗan tudun da za ka gani sai wajen Magodo da Ojodu kuma shi ma ba abin da mutumin Jos zai kira tudu ba ne. In don zama cikin 'yan'uwa ne babu kamar Agege, matarka za ta yi cefane da Hausa ta yi maƙota da Hausa, ga Markaz ga islamiyyu, rasuwa ko suna ba za ka rasa mai tsaya maka ba, kuma yanzu da jirgin ƙasan Red Line ya fara ɗaukar mutane a 2024 za ka iya hawa daga Agege ka sauka Oyingbo ka ƙarasa Marina da mota. Amma fili na shan iska irin wanda kake nema ba mu da shi, akwai dai filin ƙwallo na Agege, bayan shi sai cunkoso. Ba zan ruɗe ka ba.

Abu ɗaya da zai ɗan share maka hawaye, jirgin da yake zuwa Ibadan yana tsayawa a Agege kuma yana tsayawa a Abeokuta, ka ga in ƙishin dutse ya kama ka sai ka ɗau yara ku je Olumo ku hau ku dawo a yini guda. Duk inda ka zaɓa dai kada ka biya dillali ko kwabo sai ka ga gidan da idonka ka ga mai gidan, kuma ka tambayi jimillar kuɗin tun farko, domin a nan bayan hayar shekara akwai kuɗin dillali da na yarjejeniya da wanda suke riƙewa saboda ɓarna, in ba ka tambaya ba sai ka zo biya ka ga lissafinka ya rushe.

Abban_Sangotedo:

Ɗan'uwa ni a gefen da abokinka ya nuna maka nake zaune shekara shida kenan, bari in ba ka duka biyun. Abin daɗin dai gaskiya ne akwai shi. Lekki Conservation Centre na nan kusa da shatale-talen Chevron, daji ne na gaske a tsakiyar gari, hekta 78 da aka killace tun 1990, kana tafiya a kan gadar katako ta cikin fadama birai na tsalle a kanka, ga kuma doguwar gadar igiya da aka rataya ta saman bishiyoyi mai tsawon mita 401, in ka kai ƙololuwarta ka waiga ka ga kore shar ta ko'ina za ka manta a Legas kake. Gaba kaɗan ta wajenmu akwai LUFASI, shi ma fili ne da bishiyoyi da tafki, yarana sun fi son can. In ka miƙa ka wuce akwai bakin tekun Eleko, ka ƙara gaba ka isa Epe ka sayi ɗanyen kifi a hannun matan da suke kasuwar bakin ruwa. Masu dawakin da suke ɗora mutane a bakin teku ma da yawansu yaranmu ne 'yan arewa, kana yi musu sallama hira ta ɓarke.

Amma fa ka tambaye ni sau nawa na je waɗannan wuraren a bana. Bai fi sau huɗu ba. Dalili shi ne babbar hanyar da muka dogara da ita ita ce Lekki-Epe, yawancin masu zuwa Island, wato tsibirin da Marina take, ta nan suke bi, to wanda yake aiki a Marina dole ya bar gida tun kafin a kira assalatu in yana so ya tsere wa gosulo, ni sau da yawa a masallacin kusa da wurin aiki nake yin asuba, dawowa kuma sai tara na dare wani lokacin har goma, ka gaya min yaushe za ka yi gudun? Ranar Asabar ta zo jikinka ya yi laushi barci kawai kake nema. Sannan duk wuraren nan da kuɗi ake shiga, har bakin tekun ma akwai masu karɓar kuɗin ƙofa, ba irin Shere ba ne da za ka tashi kawai ka hau abinka. Keke kuwa a kan babban titin nan ban ba ka shawara ba sam, tunda aka buɗe tashar jiragen ruwa ta Lekki da matatar mai tireloli da tankoki suka ƙaru, sai dai cikin istet in ka samu mai tituna masu kyau, su kuma suna da kuɗin hidima na wata-wata ko na shekara.

Ga maganar ruwa. Yankin nan fadama ce aka cike da yashi, daga watan Yuni zuwa Yuli in sama ta buɗe akwai layukan da mota ba ta shiga, na taɓa zama a wani gida da ruwa ya shigo mana har falo cikin dare muka kwana muna kwashewa da bokiti, katifa da kafet duk suka lalace, mai gidan ko a jikinsa. Ruwan bohol ma a wurare da yawa ja-ja yake fitowa da ƙarni sai an tace. In ka nace sai nan ɗin to ka je duba gida washegarin ranar da aka tafka ruwa, ka dubi jikin katanga daga ƙasa za ka ga layin inda ruwa yake kaiwa, ka kuma tambayi mai gadi ko mai shagon layin, su za su gaya maka abin da dillali zai ɓoye.

Maman_Hanifa:

Malam sannu da ƙoƙari, na ji daɗi da ka sa matarka da yara a lissafi. Mu a Surulere muke ta wajen Aguda, maigidana ma irinka ne ba ya zama, kuma ni a ganina tambayar da za ka yi wa kowace unguwa ita ce, in na fito daga masallaci da asuba ina ne ƙafata za ta kai ni ba sai na hau mota ba? Wurin da za ka je sau ɗaya a wata ko daga ina kake za ka je shi, na kullum ɗin shi ne abin dubawa.

A nan muna da babban filin wasa na ƙasa, wanda aka gina a 1972 aka yi wasannin Afirka na 1973 a cikinsa, ga na Teslim Balogun yana kallonsa a tsallaken titi. Eh ya tsufa, wasu sassan sun lalace har akan rufe su, amma ka zo wajen da safiyar Asabar ka ga jama'a, masu gudu da masu dambe da masu ɗaga ƙarfe da masu ƙwallon kwando, tsofaffi ma na zagaye a hankali, har mata da hijabinsu muna zuwa mu taka ba mai kallon kowa. Daga nan ne ma aka riƙa tashin gudun yada-ƙanin-wani na Legas da aka fara tun 2016, a watan Fabrairu ake yi, kilomita 42, a shekarun baya ana rufe hanya a bi ta kan gadar Third Mainland a ƙare a Eko Atlantic. Maigidana ya shiga sau biyu, ya ce ranar ce kaɗai mutum zai taka gadar nan da ƙafarsa ya kalli ruwa hagu da dama babu hon ɗin mota, ya dawo ƙafa a kumbure amma bakinsa har kunne. Ina ganin mai gudun Lamingo zai so wannan.

Cikin unguwar kuma akwai layukan da suke shiru da sassafe, tsofaffin gidaje ne masu ɗan fili a gaba, ta wajen Bode Thomas da Adeniran Ogunsanya da bayansu. Zuwa Marina ba nisa, ka bi ta Costain ka hau gadar Eko ka sauka, ko ka je tashar National Theatre ka hau jirgin Blue Line da ya fara aiki a 2023, tasha ɗaya ce ka isa. Ka ga za ka yi gudunka ka yi wanka ka karya kumallo da yaranka sannan ka fita. Idi-Araba kuma na nan kusa da mu, can nake sayen garin tuwo da kuka da daddawa da man shanu, can yarana suke islamiyya, ga asibitin koyarwa na LUTH a gefe. Amma ka kula, Surulere ma akwai layukan da ruwa ke kwanciya musamman na kusa da manyan magudanai, mu ma sai da muka zaɓa da kyau.

In Surulere ba ta yi maka ba ka leƙa Yaba da Akoka. Cikin jami'ar Legas akwai tituna masu inuwa da wurin zama a bakin lagun, wato babban tafkin Legas, iskar wurin daban take, masu gudu da masu keke da yawa can suke zuwa da safe.

Sai maganar bakin teku, wannan a matsayina na uwa nake faɗa. Tekun nan ba sa'an kwando ba ne, igiyarsa tana da ƙarfi tana jan mutum ta ƙasa, ko wanda ya iya ruwa a rafi kada ya yarda da kansa, yara kuwa hannunsu a naka. Kuma yawancin wuraren daga la'asar ɗin Asabar da Lahadi kiɗa ne da shaye-shaye da shigar da ba za ka so iyalinka su gani ba, mu in za mu je da hantsi muke zuwa mu bar wurin kafin azahar. Tarkwa Bay ya fi kwanciyar ruwa saboda shingen duwatsun da aka yi wa mashigar jiragen ruwa ya kare shi, ba a zuwa sai ta kwale-kwale, kuma ta gefen ofishinku ma ana hawa.

Mai_Ƙugiya_Ikd:

Ni kam Ikorodu zan ce maka, kuma ban ga wanda ya ambace ta ba. Haya ta fi sauƙi nesa ba kusa ba, za ka samu gida mai tsakar gida har matarka ta shuka zogale da alayyahu, in ka fita ta wajen Ijede ko Ibeshe akwai sauran daji da bakin ruwa, ni duk Lahadi da yamma can nake jefa ƙugiyata tare da masunta. Aiki kuma ta ruwa nake zuwa, in hau jirgi a Ebute in sa rigar kariya mu tsallaka lagun, rana na fitowa kana tsakiyar ruwa iska na kaɗa ka, wlh wannan kaɗai shan iska ne. Matsalar dai kuɗin jirgin ya fi na bas ɗin BRT, ba sa tafiyar dare, kuma ƙarshen shekara kainuwa takan rufe bakin tashar har injin ya riƙa sarƙewa, ranar da ruwa ya ƙi sai ka bi ta Mile 12 ka sha zama. Hausawa kuma muna nan da yawa a Sabo.

Abban_Sangotedo:

Mai ƙugiya ka faɗi gaskiya amma mutumin nan gudu yake so kullum ba kamun kifi ba, in ya bi jirgin safe yaushe zai yi? Ni dai da zan sake zaɓe da shawarar Hajiya zan bi. Na manta ban faɗa ba, in ka tashi aiki da wuri gadar da ta haɗa Lekki da Ikoyi wadda aka buɗe a 2013 tana da gefen masu tafiya a ƙasa, tsawonta bai kai kilomita ɗaya da rabi ba amma safe da yamma cike take da masu gudu suna kai da komo, daga Marina ba wani nisa. Masu keke kuma a ƙungiya suke fita da sassafen Asabar ko Lahadi kafin motoci su farka, kada ka fita kai kaɗai, ka sa hular kwano da fitila.

Baba_Oko_Oba:

Ɗana ƙarin abu ɗaya, jikin da ya saba da sanyin Jos sai ka bi shi a hankali. Nan zafin ba irin na Kano ba ne mai ƙona fata, gumi ne ba ya bushewa, za ka ga nisan da kake yi a gida ba wahala a nan rabinsa ya gajiyar da kai, kada ka ce ko ciwo ne, ka ba shi wata ɗaya ko biyu ka yawaita shan ruwa. Gari kuma ba ya wayewa sosai sai wajen shida da rabi, kafin nan kada ka bi lungun da ba ka sani ba da waya a hannu, ƙarƙashin gada ma ka kiyaye. Ka nemi gidan sauro tun ranar farko.

Ɗan_Lamingo:

Kai jama'a na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Baba na ji maganarka kuma in sha Allah zan zo Agege in gaishe ka, zancen jirgin Abeokuta ya faranta min rai dan ban taɓa sanin ana iya zuwa a dawo a yini ba. Abban Sangotedo ka cece ni wlh, da har na fara magana da wani dillali a kan wani gida a Ajah saboda hotunan bakin tekun da na gani, ban lissafa cewa gudun asubar da nake taƙama da shi a cikin mota zai ƙare ba. Conservation ɗin dai zan kai yara in sun zo hutu, ƙaramin tun da na nuna masa hoton gadar igiyar yake tambayata yaushe. Mai ƙugiya kai ma ina nan zuwa ka koya min, ban taɓa kama kifi ba a rayuwata.

Na yi magana da maiɗakina jiya da daddare na karanta mata duk abin da kuka rubuta, ita tana jin an ce Idi-Araba na kusa ta ce shi kenan. Dan haka ranar Juma'a zan shigo in sauka Mushin, Asabar tun da asuba in je filin wasan in gani da idona, daga nan in zaga layukan Surulere da ƙafa, Lahadi kuma in leƙa Akoka in kwatanta. Hajiya dan Allah in ba damuwa ki tambayar min maigidan wane layuka ne ruwa ba ya kwanciya ta wajenku, kuma ƙarfe nawa suke haɗuwa ranar Asabar ɗin, sannan a ina yake kai kekensa gyara dan nawa giyarsa ta fara tsalle kuma da shi zan taho.